Lambar wat ba ita ce amon jita ba

A Zongo da unguwannin da ke kewaye da mu, yaran da ke koyon jitar lantarki sun ƙaru, kuma ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya taso ya ji an sa Bombino cikin masu takarar lambar Grammy saboda faifansa Deran na 2018, ya ga Mdou Moctar yana cika zaurukan kiɗa a Amurka da Turai, ga Tal National kuma a nan cikin Yamai, dole ransa ya biya. Akwai iyayen da ba su yarda da jita ba sam, wannan kuwa haƙƙinsu ne, ba da su nake ba. Ina magana ne da uban da ya riga ya amince zai saya wa ɗansa kaya, da ƴan'uwana malamai da aka ɗora wa nauyin ƙungiyar kiɗa ta lakol ko bikin ƙarshen shekara. Su ke fitar da kuɗi, kuma su ake rufe wa ido a kasuwa da tambaya guda: wat nawa ne?

A ganina, wanda zai sayi kayan jita ya fara da lasifikar da akwatin da take zaune ciki, wanda samari ke kira bafil. Ampili ya biyo baya. Lambar wat ta zo ƙarshe, kuma ga ɗalibi da farfajiyar makaranta, ƙarama ta fi babba alheri.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon zance ba. Tsirkiyar goge izgar doki ce, in ka ɗaure ta tsakanin sanduna biyu ka goga, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Ƙoƙon da fatar guzar da aka rufe shi da ita su ke ba ta murya. Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi aka yi masa kuntigi, aka ja fata a kai, ya yi shekaru yana riƙe taro da shi. Marigayi Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kamarmu kafin duniya ta san shi da gurmi, daga baya da biram na Buduman tafkin Cadi, irin kayan da ya riƙe ke nan: tsirkiya, da jikin da ke amsa mata. To jitar lantarki katako ce tilis, ba ta da ƙoƙo. Ƙoƙonta da fatarta suna can ƙarshen waya. Faifan takardar da ke cikin lasifika shi ne fatar, akwatin shi ne ƙoƙon. Makaɗin gurmi ba zai yarda a zaɓa masa fata a makance ba, amma mu sai mu biya jikkuna masu yawa ba mu ko leƙa bayan akwatin ba.

Ga yadda abin yake, kuma duk malamin da ya taɓa koyar da darasin sauti ya san rabinsa. Ampili yana aiko wuta cikin wata siririyar waya da aka naɗe a bakin maganaɗisu, naɗin ya riƙa kai da komo, ya girgiza faifan takarda, takarda ta tura iska. Kunnen yaro mai lafiya yana kama girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Tsirkiyar jita mafi kauri tana girgiza sau 82. Lasifikar jita kuwa da gangan aka yi ta gajeriyar murya: daga wajen 5,000 ko 6,000 sai ta fara janyewa. Wannan janyewar ita ce gishirin miyar. Ita ke aske ƙaiƙayin da ke saman amo, musamman in makaɗi ya taka abin nan da ke sa jita ta yi gurnani.

Nan ne kuskuren da na fi gani a makarantu yake. Akwai manyan akwatunan da ake haya don biki da taron siyasa, kowanne da ƙaramar lasifika a sama mai fitar da siririn amo don magana ta fito tas. Sai a soke wayar jita kai tsaye a cikinsu. Abin da lasifikar jita za ta aske, wannan ƙaramar sai ta ƙara masa kaifi, amo ya fito kamar an saki zuma cikin gwangwani. Iyaye su toshe kunne, darakta ya ce yaron bai iya ba, yaron ya yarda bai iya ba. Alhali hannunsa lafiya lau.

Girman faifan ma yana da tasa rawar. Mai inci 8 murya ce siririya, ta ɗaki. Mai inci 10 tana da saurin amsawa, kowane taɓi yana fita daban. Mai inci 12, wato kimanin santimita 30, ta fi cika da kauri, kuma ita ce aka fi amfani da ita a duniya. Ku saurari kiɗan da yaranmu ke kwaikwayo, na Agadas ko na Tal National: yatsu ne ke gudu, sauti na bin sauti kamar ana zuba tsaba a faranti. Irin wannan kiɗa tsakiyar amo yake so, a ji kowane ƙwaya. Faifan Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma ta wayoyin salula waƙoƙin suka ratsa Sahel, daga katin wannan zuwa na wancan, ana jin su ta lasifikar da ba ta kai dala ba. Kiɗan da ya rayu a haka ba dirin ƙasa ne ransa ba. Lasifika guda mai inci 10 ko 12 ta ishe shi.

Sai akwatin. Iri biyu ne: mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya. Mai buɗaɗɗen baya yana fitar da amo gaba da baya, ya daki bango ya bazu, mai ganga da ke zaune a baya ya ji abin da mai jita ke yi. Kaurinsa kaɗan ne, amma yana da sarari. Haka yawancin ampilin Fender suke, haka kuma Roland JC-120 da ya fito a 1975 da lasifika biyu masu inci 12, wanda ya yi suna wajen tsabtar amo. Mai rufaffen baya yana matse iska a ciki, amo ya yi kauri da naushi, amma gaba kawai yake harbawa kamar fitilar mota. Babban misalinsa shi ne akwatin Marshall mai lasifika huɗu, wanda yara ke gani a bidiyo an ɗora ɗaya bisa ɗaya kamar buhunan gero a rumbu.

Ya kamata a gaya wa yaran dalilin wannan tulin. Jim Marshall ya fara ƙera ampili a Landan a 1962. Wajen 1965 makaɗa irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who suka matsa masa ya yi mai wat 100, domin a lokacin na'urorin zauren kiɗa ba su da ƙarfi, ampilin mai jita shi kaɗai zai kai amo har kujerar ƙarshe. Wannan matsala ta wuce. Yau makirufo ake ajiyewa a bakin ƙaramin ampili, manyan akwatunan taro su ɗauki amon da ya riga ya gyaru su watsa. Makarantar da ke da kayan taro ba ta buƙatar komai sai ƙaramin ampili mai lasifikar kirki da makirufo ɗaya.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne kunne. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Lasifikar jita mai kyau, irin Celestion Vintage 30, da wat ɗaya tak tana ba da desibel 100 ga wanda ke nesa da ita mita ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, in ya kai 90 sai awa 4, in ya kai 100 minti 20 ne kacal a mako. Ku sake duba lissafin: wat ɗaya. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka sau goma kunne ke jin ƙarar ta ninka. Ma'ana tsakanin ampili mai wat 15 da mai wat 100 bambancin bai wuce desibel 8 da ɗoriya ba. Uba ya biya kuɗi masu yawa don ɗan wannan bambanci, alhali tun a wat 15 an wuce abin da kunne zai ɗauka.

A bikin makaranta kuma wa ke zama gaba? Ƴan ajin farko, a kan tabarma, kunnuwansu daidai bakin akwatin da aka ajiye a ƙasa. Mai jita yana tsaye a gefe, amo na wucewa ta gwiwoyinsa, bai ji sosai, sai ya ƙara murɗawa. In akwatin mai rufaffen baya ne, duk harbin a kan yaran nan yake sauka. Gashin da ke cikin kunne mai kama sauti in ya mutu ba ya sake tsirowa. Kuma mun san yadda yaron da jinsa ya ragu yake a aji: a ce ba ya kula, a ce daƙiƙi ne, a mayar da shi bencin baya inda zai ƙara rasa abin da ake faɗa. Maganin ba ya cin ko dala. A ɗora ampili bisa kujera, a karkato shi ya dubi kan mai kiɗa, a ja tabarmar yara baya. A fili, duk ninka tazara sau biyu yana rage desibel 6.

Ban ma taɓo maƙwabta ba. Gidajen Zongo bango ɗaya ya raba su, da tsoho mai jinya, da mai jego, da masallaci a kowane lungu. Yaron da aka saya wa tulin akwatuna, ko dai ya addabi unguwa, ko a hana shi kunnawa, ya daina koyo.

Akwai wata lamba da ta fi wat muhimmanci, kuma ba a tambayarta: om. A bayan kowace lasifika an rubuta 4, 8 ko 16, a bayan ampili ma an rubuta abin da yake ɗauka. Su dace. Lasifika biyu masu om 8, in aka haɗa su gefe da gefe sun koma 4, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama 16. Ampilin zamani mai taransisto in aka ba shi ƙasa da abin da aka rubuta masa zai yi zafi ya ƙone, balle a bazarar Yamai da zafi ke haura digiri 40. Tsohon yayi mai kwalabe kuwa ba a kunna shi sam ba tare da lasifika a jone ba. Kayan gwanjo daga Amurka na wuta 120 ne, tamu 220 ce, a duba kafin a soka. Kada kuma a ba mai jitar bas aron akwatin jita, tsirkiyarsa tana sauka har 41, za ta yaga takardar. Lambobin nan masu sifili uku da ake mannawa a gaban kaya masu araha, in an ga PMPO a gefensu, talla ce. Wadda aka rubuta RMS ita ce ta gaskiya.

Wani abokin aiki zai ce makarantar da ba ta da isassun benci ina ta ga kuɗin ampili na musamman. Yana da gaskiya, kuma akwai hanya biyu. Yanzu ana samun ƙananan na'urorin takawa da ke kwaikwayon amon akwatin jita, a jona su ga kayan taro, amo ya fito da dama-dama. Ta biyu ita na fi so. Akwatin lasifika ba sihiri ba ne, aikin kafinta ne. A samo lasifikar jita guda mai lafiya, ko daga mataccen ampili ne a wajen masu gyaran rediyo, a je Katako a sayi katako mai hawa-hawa mai kaurin milimita 15 zuwa 18, a guji allon garin katako da ke kumbura da damina. A haɗa da gam da sukurori, kada a bar inda zai yi kaɗa-kaɗa, a rufe gaba da ƙyalle mai shan iska saboda ƙurar hunturu da yatsun yara. A yi bayan mai cirewa, ɗalibai su ji amon a buɗe, su ji shi a rufe, su rubuta bambancin. Darasin girgiza da muka koya da alli kawai a makarantar horon malamai, ga shi an yi shi da kunne.

Ranar saye, a tafi da yaron da jitarsa da wayarsa, kada a yarda da waƙar da mai shago zai sa daga salula. In akwai wani da ya yi karatu a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Alhaji Taya, a roƙe shi ya raka ku. A fara da ƙasa-ƙasa, domin a haka yaron zai fi amfani da shi a gida. A kaɗa kowace tsirkiya ita kaɗai a bar ta ta mutu da kanta: in an ji ƙarar gogayya ko zizar ƙuda, naɗin ya taɓu. A haska bayan akwatin a duba takardar, ko ta yage, ko an like ta, ko ɓera ya yi kwana a ciki. Sannan uba ya koma bakin ƙofar shago, yaron ya kaɗa waƙar da ya fi iyawa, a ji ko ana rarrabe sautukan daga can.