Mun Kwashe Amfanin Gona, Wa Zai Kai Taki?

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikatan Gwamnati, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta ko Bichi da rani ya san abin da ake gani. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ga tsibin taki an jera cikin kowace gona ana jiran faɗuwar ruwa. Shekaru aru-aru ke nan ana noman gero da dawa da wake a wannan ƙasa ba a barin ta ta huta, amma har yau ba ta daina ciyar da mutanenta ba. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bincike ta tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna abin da kowane manomi ya riga ya sani, watau ƙasar tana raye ne saboda ana mayar mata da abin da aka ɗauka. Kashin awaki da tokar murhu da sharar birni, wadda a da jakuna ke ɗaukowa daga Kano, duk gona ake kai su.

Na fara da wannan ne domin akwai wata gonar da muke kwasar amfaninta a waɗannan ƙauyuka, ba mu kuwa kai mata taki ko da mangala ɗaya. Ina nufin manhajar kwamfuta mai 'yanci, wadda wasu ke kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Bari in yi bayani ga wanda ba fanninsa ba ne. Kowace manhaja tana da asalin rubutun da aka gina ta da shi. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su sayar maka da izinin amfani kawai. In ta lalace ba ka da ikon buɗe cikinta, balle ka gyara. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya ƙi yarda da wannan tsari, ya fara aikin da ake kira GNU. Ra'ayinsa shi ne mai amfani da manhaja ya sami ikon abu huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta rubutunta ya canza shi, ya ba wani kwafinta, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wadda a yau ita ce ginshiƙin kowace wayar Android. Ashe ke nan dillalin hatsi a kasuwar Dawanau da wannan aikin gayya yake yawo cikin aljihunsa.

Tun 1998 masu wannan aiki suka rabu gida biyu. Mutanen Stallman suka ce batu ne na haƙƙi da 'yanci. Ɗaya ɓangaren, da suka zaɓi kalmar buɗaɗɗiya, suka ce hanya ce kurum ta samar da manhaja mai inganci wadda 'yan kasuwa ma za su karɓa. Wani abin da ya ƙara dagula musu lissafi shi ne a Turanci kalma ɗaya ce ke nufin kyauta, ke kuma nufin 'yanci. Mu Hausawa harshenmu ya raba mana su, amma a aikace mun rungumi kyautar, mun yi watsi da 'yancin.

Ga misali na kusa. A ƙananan asibitocin karkara na Kunci da Makoɗa da Tsanyawa, kamar sauran ƙasar nan, ma'aikacin lafiya yana rubuta yawan yaran da aka yi wa rigakafi da matan da suka zo awo. Ƙarshen wata a tattara alƙaluman a kai ƙaramar hukuma, a shigar da su cikin wata manhaja mai suna DHIS2, daga nan su isa Kano da Abuja. Wannan manhaja buɗaɗɗiya ce. Tushenta yana Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorancin raya ta, ƙasashe fiye da 70 kuma suna aiki da ita. Haka nan ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, da ita aka riƙa tattara bayanai ta waya a yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, har aka tabbatar a watan Agusta 2020 cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Sa'ad da ake shawarar yawan maganin da za a aika wani ƙauye, waɗannan alƙaluma ake dubawa. Saboda haka maganar nan ta shafi ran ɗan talaka.

To, ɗalibai nawa ne a cikinmu suka taɓa buɗe rubutun waɗannan manhajoji? Ma'aikata nawa ne a sakatariyar ƙaramar hukuma za su iya gyara su in sun tsaya, ba tare da jiran wani ya zo daga nesa ba? An buɗe mana ƙofar rumbu, mun tsaya a bakin ƙofa muna jiran a auno mana.

Wani zai ce, tun da akwai masu kula da su a ƙasashen waje, mene ne namu na wahala? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Maris 2024. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace na'ura mai aiki da Linux. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyinta, ba albashi, har ya gaji. Wani da ba a san ko wane ne ba ya yi fiye da shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sa'an nan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa ta kutse. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya gano ta don ya lura na'urarsa ta ɗan yi nauyi. Masu suka sun ce wannan ya nuna buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da tsaro. Ni kuwa na ga akasin haka, gama da rubutun a rufe yake da ba wanda zai iya bin sawun ɓarnar. Abin da ya fito fili shi ne masu ci sun yi yawa, masu kai taki sun yi kaɗan. Har wa yau, a 2025 Gwamnatin Amurka ta yanke yawancin taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka girgiza. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi tafiya da yunwa zai kwana.

Wani kuma zai ce, ai ba mu da wutar lantarki tsayayya, ba mu da kuɗin intanet, ɗalibi da ƙyar yake cin abinci sau biyu. Wannan gaskiya ne, ba kuwa zan raina ta ba. Amma manomin da ya fi kowa talauci shi ya fi kowa tattalin irinsa, don ya san in ya cinye, baɗi sai ya saya da tsada ko ya roƙa. Mai kuɗi yana iya sayen sabuwar manhaja kowace shekara. Mu da ba mu da shi, mu ne muka fi bukatar wadda za mu iya gyarawa da hannunmu.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da malamanmu. Na farko, ɗaliban ilmin kwamfuta na Jami'ar Bayero da sauran makarantu su daina ƙare karatu da aikin bincike wanda zai kwanta cikin kabad ƙura ta ci shi. A tura su ƙananan hukumomi su ga inda manhajojin nan ke ba ma'aikata wuya, su gyara, su aika gyaran ga masu kula da su don duniya ta amfana. Na biyu, ɗaliban sashen Hausa su haɗa kai da su a fassara allunan manhajojin da takardun koyar da su, domin ma'aikaciyar lafiya a ƙauye ta yi aiki da harshen da take magana da majinyata. Wannan taki ne da ba mai iya kai shi sai mu. Na uku, ku matasan ma'aikata, in aka kawo kwangilar manhaja ofishinku, ku nemi a rubuta cewa za a miƙa wa Gwamnati asalin rubutun, a kuma horar da ma'aikatanta. Na huɗu, Gwamnatin Jiha ta ware kuɗi cikin kasafi don albashin masu kula da waɗannan manhajoji, kamar yadda take ware na direba da mai gadi.

Iyayenmu ba su yi karatun boko ba, amma sun riƙe ƙasar da muke ci har ta iso gare mu da ranta. Abin kunya ne a ce mu da aka kashe wa dukiyar talakawa muka yi ilmi mu zama masu girbi kawai. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon aikatawa.