Dokar Wucin Gadi Mai Kafa Bukka

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka garƙame iyaka, aka yanke wutar da Yamai ke samu daga Najeriya, aka ba sojoji wa'adin mako guda. Mako guda fa! Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Najeriya kuwa sai a watan Maris ta buɗe iyakarta.

To wa ya ji a jikinsa? Ba mai sa hannu a takarda ba. Mai sa hannu yana ɗakin sanyi, injin wutarsa na ruri. Mai sa hannu bai taɓa yin sammako daga Fagam ko Sara a Gwaram ba, ya bi ta Birnin Kudu zuwa kasuwar Maigatari ta bakin iyaka ranar Alhamis da kuɗin sa biyu a lalitarsa, ya tarar kara ta yi fayau, dillalai na hamma a inuwa. Gwaram na nesa da iyaka, amma mahaucinta ya ga tsadar dabba, uwargida ta ga ƙanƙantar tsoka a miya.

Sojojin kuwa ko gezau. Ƙarshenta ma a Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun bar ECOWAS.

Mai sa hannu ya saba. A Agustan 2019 ya rufe iyakar Najeriya, wai na ɗan lokaci, sai Disambar 2020 ya tuna inda ya aje makulli. A Diffa ta Nijar kuma an kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, aka hana hawa babur, aka taƙaita cinikin kifi da tattasai, sannan aka yi ta ƙara mata wata uku, wata uku, shekara da shekaru.

Ga kuma shingaye. Duk sabuwar doka da nata katakon ƙusa a titi. A ɗage dokar, katakon na nan daram, direba na miƙa hannu ta taga, kuɗin kuma a kan buhun talaka yake sauka.

Don Allah, mai sa hannu, kafin a ƙara wa wata doka wa'adi, a zo kara ranar kasuwa a tambayi dillalai abin da ta farko ta haifar.