Gumin Baƙon Da Ba Shi Da Takarda

A ranar 27 ga Maris, 2002, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci da har yau ake ja-in-ja a kansa. Kamfanin robobi na Hoffman Plastic da ke Jihar Kalifoniya ya sallami wani ma'aikaci a 1989 saboda ya shiga fafutikar kafa ƙungiyar ƙwadago. Hukumar kula da dangantakar ma'aikata ta ƙasar ta ce korar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci a biya shi kimanin dala 67,000 na albashin da ya rasa. Sai dai mutumin ya amsa da bakinsa cewa ɗan Meziko ne, kuma da takardar haihuwar abokinsa ya samu aikin. A kan haka alƙalai biyar cikin tara suka soke biyan.

Hujjarsu ita ce, tun daga dokar shige da fice ta 1986 haramun ne a ɗauki irin wannan baƙo aiki, don haka ba za a biya shi kuɗin aikin da tun farko ba shi da izinin yi ba. A ido maganar tana da ma'ana. Amma mai karatu ya tambayi kansa: wa ya ci riba? Mai Shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta ra'ayin alƙalai huɗun da suka ƙi, ya nuna cewa idan korar baƙo ba ta jawo wa mai kamfani asarar ko sisi, to an ƙara masa kwaɗayin ɗaukar baƙin haure ke nan. A ganina nan gaskiya take, kuma ɗan ƙasa ma yana ji a jikinsa, domin da wuya a ƙara masa albashi alhali ga wanda tsoron kamu ya rufe wa baki.

Hukuncin bai share komai ba. Kuɗin sa'o'in da baƙo ya riga ya yi aiki suna nan a wuyan ubangidansa. A 2003 kuma, bisa buƙatar Meziko, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta ba da ra'ayin cewa da zarar an ɗauki mutum aiki, haƙƙinsa na ma'aikaci ya tabbata, da takarda ko babu.

Mu ma maganar ta shafe mu. Muna jin zafin yadda 'yan'uwanmu 'yan takari ke aikatau a Jidda da Makka, a hana su lada su rasa inda za su kai ƙara. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan ma'aikata baƙi a 2009, wadda sashenta na 25 ya hana mai aiki fakewa da rashin takardar ma'aikaci don tauye masa lada. To amma maigadin da ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram, yake kwana a ƙofar gidajenmu a Kano da Kaduna, idan aka riƙe masa albashin wata uku, ofishin wa zai nufa?