Duniya Makaranta: Tabkin da ya haɗiye ƙauyuka a ƙasar Filipin

A tsibirin Luzon na ƙasar Filipin, cikin jihar Zambales, akwai wani tabki mai suna Mapanuepe. Ruwansa kwance yake, ga ciyawa kore shar a gaɓarsa, ga shanu na kiwo a gindin tuddai. Baƙon da ya shiga kwalekwale zai yi ta santin wurin, har sai ya hango gicciyen wata majami'a yana leƙowa daga tsakiyar ruwa. Nan ne zai gane cewa a bisa rufin gidajen mutane yake tafiya.

Kafin shekara ta 1991 babu tabki a wannan kwari. Ran 15 ga watan Yuni na shekarar, dutsen Pinatubo, wanda ya yi kusan shekara 500 yana barci, ya yi aman wuta, tokarsa ta tashi sama da kilomita 30 cikin sararin samaniya. A ranar kuma guguwar teku mai suna Yunya ta ratsa yankin da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutane fiye da 800 suka rasa rayukansu, da yawansu rufin gida ne ya rufta musu saboda nauyin jiƙaƙƙiyar toka.

Da wuta ta lafa, sai wata masifar ta biyo baya. Toka da yashin da suka taru a jikin dutsen, kowace damana ruwa kan kwaɓa su su gangaro kamar siminti, suna tafe da duwatsu da itatuwa. Masana na kiran wannan laka "lahar", kalma ce ta mutanen Jaba ta ƙasar Indunusiya. Ita ce ta biyo kogin Marella ta toshe bakin kogin Mapanuepe. Ruwa ya rasa hanyar fita, ya yi ta taruwa har ya shanye gidaje da gonaki na ƙauyukan Aglao da Buhawen. Wannan madatsa ba injiniya ya gina ta ba, don haka sau da dama ta ɓalle a shekarun farko, ta aika da ambaliya ga mutanen gangare. Shekara huɗu bayan aman wutar, a 1995, laka ta sake binne wani babban sashe na garin Bacolor, a can ɗaya ɓangaren dutsen.

Yau ƴan yawon buɗe ido kan taso daga Manila zuwa garin San Marcelino, su hau mota kat-kat su ratsa filin yashin da lakar ta bari, su kafa tanti a bakin ruwa. Mazauna wurin, har da ƴan ƙabilar Aeta da dutsen ya kora daga gidajensu, suna samun ɗan abin sakawa a baka ta hanyar jagora da fito. Amma mai hankali da rani yake zuwa, daga Disamba zuwa Afrilu, domin da damana hanyar kan koma kogi cikin ƙiftawar ido. Wanka ma sai da hattara, tunda sharar wata tsohuwar ma'adinar tagulla ta taɓa kwarara cikin tabkin a 2002. Shi kansa dutsen bai mutu ba: a watan Nuwamba na 2021 ya ɗan yi bori da tururi.

Abin lura ga ma'aikaci da ɗan kasuwa shi ne, a 1991 masanan Filipin da na Amurka sun yi gargaɗi tun da wuri, hukuma ta kwashe dubban jama'a kafin ranar, aka ceci rayuka aƙalla 5,000. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai dai gonar da laka ta binne da gidan da ruwa ya ci, babu gargaɗin da ya mayar wa masu su. Wanda Allah ya kai shi Mapanuepe, in zai biya kuɗin fito, kada ya tsananta ciniki, wataƙila gidan mai kwalekwalen na ƙarƙashin ruwan.