Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a,

A Samaru kuna da ma'ajiyar ƙwari da ta busassun tsirrai, waɗanda masana suka daɗe suna tarawa. Amma ɗalibanmu na Kamazou da ke Kaduna sai dai su ga zanen ƙudan tsando a littafi, alhali Zariya ba nisa. Jami'ar da aka kafa a 1962 domin mutanen Arewa, nauyi ne a kanta ta isar musu da wannan ilimi.

Muna roƙo ku ware ranakun ziyarar makarantu, ku rubuta sunan kowane ƙwaro da Hausa, don manomi ma ya gane abin da ke cin dawarsa. Ku tanadi kuɗin kula da ma'ajiyar, saboda gara da danshi ba sa jira.

Don Allah ku buɗe wa yaranmu ƙofa.

Naku,
Malamin makaranta, Kamazou, Kaduna