Taro a otel, tambaya a Dogo-Dogo

Duk wanda ke sauraren rediyo a ƙasar nan ya saba da sanarwar tarurrukan ƙara wa juna sani. Yau an tara ɗalibai masu neman digirin doktora a wani otel na Yamai domin a koya musu dabarun rubutu, gobe a sake tara su kan hanyoyin neman tallafi. A rataya ƙyalle, magabata su yi jawabi, a sha shayi, a raba kuɗin zama, a watse. Ba mu ce taro laifi ba ne. Tambayarmu ita ce: cikin kuɗin da ake kashewa da sunan waɗannan matasa, nawa ne ke kai ɗalibi wurin da abin bincikensa yake?

Mu ɗauki Dogo-Dogo misali, ƙaramar hukumar da ke kan iyakarmu da Najeriya, wadda take ƙarƙashin Magarya kafin a ƙirƙiro gundumar Dungas a 2011. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman wannan yanki na kudancin Damagaram suka ɗauki al'adar barin tohon itace a gonakinsu, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Ba su jira wani taro ba. Sai bayan kusan shekara ashirin, a 2006, Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar da binciken da ya bayyana wa duniya girman abin da aka yi a Magarya da Matamaye da Mirya, inda ake maganar kimanin hekta miliyan ɗaya da itace ya dawo. Wannan aiki, da ake yi wa Nijar kirari da shi har a ƙasashen waje, an gano shi ne domin wasu sun sa ƙafa a gona sun zauna da masu ita.

Tambayoyin da ke jiran mai bincike a can ba su ƙare ba. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi jin jiki. Ta wace hanya cutar ke bin masu kai da kawowa tsakaninmu da Jigawa? Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023. Mai sayar da riɗi ko rago a kasuwar Maigatari, wanda yake karɓar naira ya biya haraji da sefa, nawa ya yi asara, kuma yaya ya rayu? Ɗan kasuwa ya san nasa ciwon, ma'aikacin kwastan ya san nasa littafin, amma ana bukatar wanda zai zauna wata da watanni ya haɗa su, ya auna, ya rubuta. Aikin ɗalibin doktora ke nan.

To, me ya hana shi? Hanya da guzuri. Tsakanin Yamai da Damagaram akwai kusan kilomita 900, daga nan kuma sai a gangara kudu. Zama a ƙauye yana son babur da mai da abinci da ɗan abin hasafi ga mai rakiya. Ƙungiyar da ke ba da tallafi kuwa ta fi son taron kwana uku, domin yana da hoto da takardar sa hannu da rahoton da za a rufe lissafi da shi kafin ƙarshen shekara. Ɗalibin da aljihunsa ya bushe ba za a zarge shi ba idan ya koma bin tarurruka saboda kuɗin zama. Amma ƙarshenta sai a sami dakta mai tarin takardun halartar taro, wanda ya san Dogo-Dogo a taswira kawai.

Wani zai ce ai ba a tura yaro gona ba tare da an koya masa riƙon hauya ba. Gaskiya ne. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta yi suna wajen tara matasan masu bincike daga ƙasashen Afirka tana horar da su, kuma darajar horon nata ta samo asali ne daga ɗora shi a kan binciken cikin jama'a. Irin wannan taro muke so a yawaita, wanda ke buɗe wa ɗalibi ƙofar fita.

Lokaci ma ya tilasta mana sake tunani. Tun 1980, a shirin Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin ƙasa domin bincike, aka bar alkawarin a takarda, muka jingina da baƙi. Faransa ta dakatar da taimakonta a 2023, Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a 2025. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci ya san yadda daren yunwa yake.

Ga abin da muke gani. Na farko, jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan André Salifou, malamin da ya fara suna da littafinsa na 1971 kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19. Ta girmama sunan ta hanyar sa sharaɗi: duk wanda zai shirya wa ɗalibanta taro, ya ware wani kaso na kuɗin domin zaman bincike a karkara. Wasu tarurrukan kuma a kai su Dungas da Magarya, ɗalibi ya tsaya gaban manoma da fatake ya faɗi abin da ya gano, su gyara masa. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar a kulle sakamakon cikin Faransanci a kabad.

Na biyu, a dubi kudu. Jami'ar Bayero ta Kano da ta tarayya da ke Dutse sun fi Yamai kusa da Dogo-Dogo, kuma sanƙarau da farashin gero ba su san iyaka ba. Ɗaliban ɓangarorin biyu su yi aiki tare.

Na uku, ku alhazanmu ƴan kasuwa. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ilmi mai amfani shi ma sadaka ce mai gudana. Ƙungiyar ƴan kasuwa guda tana iya ɗaukar nauyin zaman ɗalibi ɗaya na damina ɗaya, ta ce masa ga tambayar da ke damunmu, ka dawo mana da amsa. Ku kuma ma'aikata, na asibiti da na noma da na kwastan, taimakonku bai bukatar ko dala: idan ɗalibi ya zo da takardar izini, a buɗe masa littattafan ofis, kada a ce ya dawo gobe har damina ta wuce.

Manomin Dogo-Dogo ya yi nasa, gawo na tsaye shaida. Saura mu da aka sa lakkwal da harajinsa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.