Ba A Kashe Zambo Da Bulala

Ya Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan yadda masu mulki ba sa jure wa zolaya.

A shekarar 1877 wani Bamisire mai suna Yakubu Sanu ya fara buga mujallar barkwanci a Alƙahira, sunanta Abu Naddara, wato Mai Tabarau. Da Larabcin kasuwa yake rubuta ta, ba na malamai ba, ga zanen ban dariya, saboda haka wanda bai yi karatu ba sai a karanta masa, ya kalli hoto ya gane. A lokacin sarkin Masar Isma'ila ya ci bashin Turawa har iya wuya, har a 1875 ya sayar wa Ingila hannun jarin ƙasarsa na mashigin Suwes a kan fam miliyan 4. Wa zai biya bashin? Manomi mana! Haraji bisa haraji, wanda ya kasa ya sha bulala. To, shi Yakubu sai ya raɗa wa sarkin suna Mai Unguwa. Ku duba fa, sarki guda!

A 1878 aka hana mujallar, shi kuma ya tsinci kansa a Faris ta Faransa. Daga can ya ci gaba da bugawa, ana ɓoye ta cikin wasu takardu ana shigo da ita, in an gano sai ya sauya mata suna. Mu mutanen bakin iyaka, da muka san yadda kaya ke ratsowa ta Maigatari, ba sai an yi mana bayani ba. Isma'ila kuwa a 1879 aka tuɓe shi. Bashi ne ya ci shi, ba zane ba.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Da can 'yan kama da 'yan gambara a tsakiyar kasuwa suke yi wa mai kuɗi da malami shaguɓe, a yi dariya a watse. Samanja ma a zamanin soja ya yi wasansa da kakin soja a talabijin.

Amma a Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20, tarar Naira 10,000 da sharar kotu ta kwana 30, saboda wasan da suka yi wa Gwamna Ganduje a TikTok. Ni ban goyi bayan zagi da ƙazafi ba, addini ma ya hana. Sai dai kafin hukuncin mu nan Gagarawa ba mu ma san da yaran ba. Bayansa kuwa har a kasuwar Alhamis ta Maigatari zancen ake, kowa na neman a tura masa a waya.

Ina roƙon wannan jarida ta ware mana shafin zane ko da sau ɗaya a mako, a riƙa zana mana tsadar taki da shingayen karɓar kuɗi a hanyar Gumel.

Naku,
Wani manomi,
Gagarawa, Jihar Jigawa.